Zauren Masu Karatu: Daga Ina Marubuci Zai Samo Zamanin Alloli da Jarumai?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Damagaram, ina rubuta ƙagaggen labari a kan wata duniya da na ƙirƙira, wadda a farkonta aka yi zamanin alloli da jarumai. Na jera sunaye da yaƙe-yaƙe masu yawa, amma duk wanda ya karanta sai ya ce bai ji komai a ransa ba. Shin in ɗauko na Girkawa, ko in mayar da Tanimun, tsohon Sarkin Damagaram, gwarzon wannan zamani?

Amsa: Malama, jerin sunaye ba ya kama zuciya, domin mai karatu ba ya damuwa da abin da ya wuce sai ya ga sawunsa a rayuwar mutanen da yake bi a cikin labarin. Girkawa ma da kike tunani, abin da ya raya almararsu shi ne kowane gari yana da dutse ko kabari ko biki da yake dangantawa da ita, kuma dutsen Olimfus da suka ce can allolinsu suke zaune, dutse ne na gaske da makiyayi yake hangowa.

Ki dubi labarin Bayajidda da idon mai sana'a. Baƙo ya fito daga Bagadaza, ya ratsa Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya nemi ruwa, tsohuwa Ayana ta ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu. Ya karɓi guga, ya kashe macijin, ya sare kan ya ɓoye, da safe masu cika baki suka yi ta iƙirarin su ne suka yi, har aka ce a kawo kan. Kowace gaɓa tana amsa wata tambaya da Bahaushe yake yi: me ya sa mulki ya bar hannun sarauniyoyi, me ya haɗa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, me ya sa maƙeri yake da daraja. Rijiyar kuwa tana nan a Daura, ana zuwa ana leƙa ta har gobe.

Haka labarin Barbushe yake a tarihin Kano. An ce ƙato ne da ke kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, yana zaune a dutsen Dala, shi kaɗai yake shiga wurin Tsumburbura, abin bautarsu, da aka kewaye da katanga, jama'a kuma suna kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Abin da ya fi burge ni shi ne shi da bakinsa ya faɗa wa mutanensa cewa wani baƙo zai zo ya mallake su, daga baya Bagauda ya zo, wanda ake ƙidaya sarautarsa daga shekarar 999. Irin wannan zamani yana ɗauke da ajalinsa a cikinsa, kuma wannan ne nake zaton ya ɓace a rubutunki: ba ki yanke abin da ya kawo ƙarshensa ba, da wanda ya yi asara, da wanda har yanzu yake riƙe da haushi.

Saboda haka ki fara daga baya. Ki zaga cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da yamma, ki dubi manyan duwatsun nan da ke ɗore kan juna a tsakanin gidaje da abin da ya saura na ganuwa, sannan ki ba duniyarki irinsu, ki tambayi kanki wa ya jefo su, da wa yake faɗa, kuma wace al'ada ce mutanen yau suke kiyayewa saboda wannan faɗan. Idan tsarin manyan halittu kike nema, 'yan bori sun riga sun tsara birnin Jangare da gidajensa da aure da kishi da gaba a tsakanin iskoki irin su Inna da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi, kowa da kirarinsa da launin tufarsa. Tsarin za ki ara, sunayen kuwa ki ƙirƙiri naki, don akwai masu riƙe da waɗannan da gaske. Kalmar alloli ma ba dole ba ce, iskoki ko dodanni za su yi miki aikin, hukuncin addini kuwa malamai za ki tuntuɓa.

Tanimun dai ban ba ki shawara ba. Ya rasu a 1884, an san ganuwar da ya gina da igogin da aka ƙera masa a nan garin, jikokinsa suna fada, kuma duk abin da kika ƙara masa za a sami dattijon da zai tare ki ya ce ba haka aka yi ba. Ki ajiye shi don labarin tarihi, ki kai jarumanki can baya inda babu mai shaida.