Gem, fim da dodanni: amsoshin tambayoyinku kafin a zura hannu a aljihu

Wani matashi daga Zariya ya rubuto: "Na tara kuɗi zan sayi PS4 ta hannu. Mai shago ya nuna min iri uku, ya ce ɗaya an loda mata wasanni ashirin, don haka ta fi tsada. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba?"

Ɗan'uwa, iri ukun nan na PS4, wato na'urar gem ta PlayStation 4 ta kamfanin Sony, wasa ɗaya suke ci, bambancinsu a cin wuta ne da zafi da kyan hoto. Juya na'urar ka karanta lambar da ke jikinta. Wadda ta fara da CUH-10, 11 ko 12 ita ce ta farko, mai ƙiba, wadda ta fara fitowa a 2013. CUH-20, 21 ko 22 ita ce Slim, CUH-70, 71 ko 72 kuma Pro, dukansu biyu daga 2016 suka fara fita. Iyakar wutar da aka rubuta wa ta farkon wat 230 zuwa 250 ne, Slim 165, Pro kusan 310. A ƙasarmu ta zafi da ƙarancin wuta, Slim muke ba ka shawara. Pro ba ta da wani amfani na a zo a gani sai ga mai talabijin 4K, kuma idan ta tsufa fankarta kan yi ƙara kamar injin niƙa.

Kada ka biya sai an kunna ta a gabanka, ka buga wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa. Minti biyar ba ya tona asirin komai, domin na'urar da ke da ciwon zafi sai ta ɗumama take nuna halinta. Idan fanka ta ɗauki kuka ba sassauci, ko wasa ya riƙa rufe kansa yana nuna lambar matsala CE-34878-0 a kai a kai, ajiye ta. Haska ramin HDMI, inda ake jona wayar da ke kai hoto talabijin, da tocilan wayarka: siraran haƙoran ciki su kasance a jere, ba wanda ya lanƙwashe ko ya nutse. Sannan ka ɗan motsa wayar HDMI ɗin tana ciki. Hoto ya ƙyafta? Ramin ya fara sakewa, kuma gyaransa aikin mai ƙarfen narka dalma ne, ba na kowa ba. Saka faifai ka fitar sau uku, ka saurara ko tana kokawa wajen jan sa. Duba bayanta ko lambobin da aka liƙa kan sukurori suna nan. In an ɓare su, an taɓa buɗe ta. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa, amma ka tambayi abin da aka gyara, a rage maka kuɗi.

Gwajin da yawancin masu saye suke tsallakewa shi ne na intanet. Kunna mata data daga wayarka, ka gwada shiga PlayStation Network, wato dandalin intanet na Sony, da asusunka. Akwai na'urorin da Sony ya toshe saboda laifin mai su na baya, kuma toshewar tana bin na'urar ne, ba mutumin ba.

Maganar wasanni ashirin kuwa, a nan kuɗin mutane ke salwanta. Hanya biyu ake loda su. Ko dai an fasa manhajar na'urar, wanda ba ya yiwuwa sai a kan tsohuwar manhaja irin 9.00 ko 11.00, irin wannan ba ta shiga wasan intanet, kuma ranar da yaro ya danna sabuntawa, wasannin sun daina buɗewa. Ko kuma wasannin na asusun wani ne da aka ɗora a na'urar, ranar da mai asusun ya janye, sai ka wayi gari ka ga hoton kwaɗo a kan kowane wasa. Ƙari ga haka, ma'ajiyar 500GB abin da ke rage maka a ciki bai fi 400GB da 'yan kai ba, manyan wasanni kuma kowanne kan ci 40 zuwa 100. Ka ƙirga da kanka ka ga ko ashirin ɗin manya ne ko tarkace. Yi ciniki a kan na'urar kawai, ka sayi faifai biyu ko uku da kake so da gaske. Faifan wasan PS4 ba ya zaɓen ƙasa, na Amurka zai yi a na'urar Turai, kuma in ka gaji da shi kana iya musanyawa.

Mai gidan gem a Gusau yana cewa: "Na'urori biyu sun mutu min cikin shekara guda. Rabin yini da janareta muke aiki. Me zan saya in tsare sauran?"

Allah ya mayar da alheri, Malam. Abu uku ke kashe na'ura a gidan gem: yankewar wuta, ƙura, da zafi.

Idan wuta ta ɗauke na'ura tana tsakiyar rubutu a ma'ajiyarta, bayanai kan lalace, shi ya sa take tashi da dogon bincike, wani lokacin ta ƙi tashi sam. Sitabilaiza ba ta maganin wannan, aikinta daidaita ƙarfin wuta ne kawai. UPS kake buƙata, wato akwati mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan ta ɗauke. Mai 650VA tana ɗaukar wajen wat 360, ta isa Slim ɗaya da talabijin inci 32 na 'yan mintoci, daidai lokacin da za a kashe na'ura yadda ya kamata ko a tada inji. In saiti biyu za ka haɗa a kan ɗaya, nemi 1200VA zuwa sama. Batirin da ke cikin ƙananan yawanci 12V 7Ah ne, kuma zafi na rage masa kwana. Ka riƙa gwada shi duk wata ta hanyar zare filogi kana kallon agogo.

Janareta kuma, a bar shi ya daidaita minti ɗaya ko biyu kafin a jona, kuma a kashe na'urori kafin a kashe shi. Lokacin da mai ke ƙarewa inji yana shaƙewa yana tashi, a nan wuta take hawa da sauka, a nan kuma akwatin wutar na'ura ke ƙonewa. Kada firiji ko dutsen guga su hau layi ɗaya da su. Ka hana yaran shago barin na'ura a yanayin barci, wato lokacin da fitilarta ta koma ruwan lemo. A haka ba a kashe take ba.

Sony ya rubuta cewa na'urar ta yi aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35. A watan Afrilu ɗakin kwano a Gusau ya wuce haka nesa ba kusa ba. Don haka kada a kulle ta a akwatin katako don tsoron ɓarayi. A yi kejin ƙarfe mai raga, a bar tazarar santimita 10 a bayanta da gefunanta, a ɗaga ta daga ƙasa. Murfin saman Slim yana cirewa da hannu ba tare da kwance sukuru ba: ja kusurwoyin gaba sama, ka zame shi baya. Za ka ga fanka. Riƙe ta da yatsa kada ta juya, ka share da burushi mai laushi. A hunturu duk wata, sauran lokuta duk wata uku. Idan an share amma kukan bai ragu ba, ƙurar ta toshe ƙarfen sanyaya na ciki ne, ta zama kamar auduga, sai mai gyara ya buɗe gaba ɗaya ya kuma sauya man da ke kan kwakwalwar. A hana cin abinci kusa da ita, domin kyankyasai na son ɗumin akwatin wutar, kuma guda ɗaya ya isa ya haɗa wayoyi.

Wadda ta fara nauyi bayan ɗaukewar wuta, a kashe ta, a danne maɓallin kunnawa har a ji ƙara ta biyu, kamar daƙiƙa bakwai, a jona hannun gem da waya, a zaɓi Rebuild Database. Ba ya goge wasa.

Wata uwa daga Maraɗi: "Ɗana ɗan shekara tara ba shi da magana sai ta dodanni masu hura wuta. Yayansa ya ce in saya masa God of War. Ya dace?"

Hajiya, bai dace ba. Dubi kusurwar ƙasa ta kwalin, akwai lamba a cikin ɗan akwati: 3, 7, 12, 16 ko 18. Shekarun da aka yarda a buga wasan ke nan bisa tsarin Turai, kuma shi ne a kan faifan da ke shigowa daga Faransa. Na Amurka haruffa ne, E na kowa, T na matasa, M na 'yan 17 zuwa sama. God of War na 2018 lambarsa 18. Wasa ne da aka tsara da gwaninta, labarin uba da ɗansa da ke ɗauke da tokar mahaifiyar yaron zuwa ƙololuwar dutse, da wani maciji da girmansa ya kewaye tafki guda. Amma akwai sara da jini a fili, kuma an gina shi ne kan tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na dā da abubuwan bautarsu irin su Odin da Thor. Babba ya san tatsuniya ce. Yaro ɗan tara yana buƙatar wanda zai zauna ya bambance masa, kuma ko an bambance, jinin yana nan.

Son dodanni ba abin damuwa ba ne. Mu ma da Dodo da Gizo da macijiyar rijiyar Kusugu aka raine mu. Abin da za ki nema masa shi ne Spyro Reignited Trilogy, lamba 7: ɗan ƙaramin dodo ne mai fuka-fuki, shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda, yana tsalle yana tattara duwatsu masu daraja, wasa uku a kwali ɗaya. Ki tambayi mai shago ko duka ukun suna kan faifan, saboda bugun farko sai an sauke wani ɓangare ta intanet, kuma data ce mai yawa. Minecraft ma lamba 7 ne, gini ya fi yawa a cikinsa, dodon yana can ƙarshe.

In ya kai sha biyu, The Last Guardian muka fi so masa a kan duk sauran. Yaro ne da wata ƙatuwar halitta mai gashin tsuntsu da ɗabi'ar kyanwa. Ba kashe ta ake yi ba. Ana ciyar da ita, ana zare mata masu daga jiki, ana lallashinta har ta yarda ta ɗauke ka a bayanta, wani lokacin ka kira ta ta yi biris kamar akuyar da ta ga dusa. Yaron da ya saba da kiwo zai gane ta nan take.

Ki sa yayan ya buɗe masa asusun yara a sashen Family Management na saitin na'urar. A nan ake ƙayyade shekaru, da awannin wasa a rana, da kuɗin da za a iya kashewa, wanda ya kamata ki bar shi a sifiri.

"Na sayi hannun gem sabo fil a kwali, wata biyu ɗan wasana ya fara tafiya shi kaɗai. Jabu ne?" Daga Jos.

Mai yiwuwa, don jabun DualShock 4, wato hannun PS4, sun cika kasuwa, kwalinsu kuma ba ya bambanta. Amma orijina ma yana yin haka idan ƙura ta shiga ƙarƙashin sandar ko abin da ke auna motsinta ya cinye. Fara da tsinke: akwai ɗan rami a baya kusa da maɓallin L2, danna shi daƙiƙa biyar, ka sake jonawa da waya. In bai daina ba, ɗiga sifirit kaɗan a gindin sandar hannun yana kashe, ka jujjuya ta, ka bari ya bushe. In har yanzu, mai gyaran waya zai iya sauya sandar, ya fi sayen sabo araha.

Gaba in za ka saya, gwada abubuwan da masu jabu ke tsuke kuɗi a kansu: allon shafawa na tsakiya ya bi yatsarka, ba dannawa kawai ba, ƙaramar lasifikar ta yi sauti, ramin abin kunne ya yi aiki. Orijina yana da nauyin kusan giram 210, jabu sau da yawa kamar fanko yake a hannu. Orijina na hannu mai lafiya ya fi sabon jabu.

Wani daga Kumasi: "Ina son kallon fim a PS4 amma ba ta ganin filashina, wani faifan fim da aka kawo min daga Amurka kuma ya ƙi yi."

Da alama filashin a tsarin NTFS yake, PS4 kuma FAT32 da exFAT kawai take karantawa. Kwashe kayanka zuwa kwamfuta, ka mayar da shi exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB. Sauke Media Player daga shagon PlayStation, kyauta ne, kuma ka zuba finafinan a cikin folda, in ka bar su a fili ba za ta gan su ba. Tana cin MP4 da MKV da AVI, amma masu tsarin H.264, wanda ka ga an rubuta x265 ko HEVC a sunansa ba zai buɗe ba.

Faifan fim kuwa, saɓanin na wasa, yana zaɓen yanki. Blu-ray na Amurka yankin A ne, Turai da Afirka yankin B. Da alama na'urarka ta Turai ce, shi ya sa ta ƙi shi. Duba bayan kwali kafin a sayo maka wani: B, ko ABC a haɗe. Faifan 4K kuma ko Pro ba ta karanta shi, sai PS5 mai ramin faifai.

"Ina da PS4, ƙwallo kawai nake bugawa. In sayar in ƙara kuɗi in ɗauki PS5?" Daga Bauci.

In talabijin ɗinka ba 4K ba ce kuma wutarka ta inji ce, riƙe abarka. PS5 kan ja wajen wat 200 a wasa mai nauyi, fiye da ninkin abin da Slim ke ja a zahiri (wat 165 ɗin nan iyaka ce kawai). Hannayenka na PS4 kuma ba za su buga wasannin PS5 ba, sai na PS4 kawai. Ranar da ka tashi saye, ɗauki mai ramin faifai, don tsofaffin faifanka su ci gaba da amfani kuma ka iya sayen na hannu. Digital Edition, wato marar ramin faifai, komai sai ka sauke da data. A yanzu, shiga saitin talabijin ɗinka ka kunna Game Mode. Jinkirin da kake ji tsakanin danna maɓalli da fitar ƙwallo, mafi yawansa daga nan yake.