Lambun Bayan Ɗaki: Tambayoyinku kan Shukar Ƙarshen Bazara da Farkon Damina

Mun shiga tsakanin nan da ba bazara ba ce sosai, damina kuma ba ta zauna ba. Hadari ya haɗu da la'asar, iska ta kwashi ƙura da leda, a zuba ruwa guda mai ƙarfi, washegari rana ta fito kamar ba a yi komai ba. Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo kusan duka a kan wannan lokaci suke, wato daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni. Ga waɗanda muka zaɓo.

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Afrilu na shuka latas da karas a bayan ɗakina. Karas ko tsiro bai yi ba, latas kuwa ya miƙe ya yi kara, ganyensa ya yi ɗaci. Safe da yamma nake ba su ruwa. Irin ne ba shi da kyau? (Uwargida, Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ba iri ba ne, ba kuma hannunki ba ne, lokaci ne bai dace ba. Latas da karas da kabeji kayan hunturu ne, daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu ake shuka su a ƙasar Kano. Da zafi ya haura digiri 30 sai latas ya gaggauta fitar da kara don ya yi fure, farin ruwan jikinsa ya ƙaru, shi ne ɗacin da kika ji. Afrilun Kano kuwa yakan taɓa 40. Ki tuge su, ki ba wurin waɗanda ke son zafi da ruwan sama: alayyafo, lalo, rama, yakuwa da kuɓewa.

Ki fara da alayyafo, don shi ne mai saurin biyan wahala. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, in kika watsa shi haka nan zai cunkushe wuri guda. Ki haɗa ƙaramin cokalin shayi ɗaya na iri da cokali goma na busasshen yashi, wannan ya ishi fili mai taku biyu tsawo, taku ɗaya faɗi. Ki watsa, ki barbaɗa ƙasa mai laushi sama-sama, kada kaurinta ya wuce rabin santimita. Binne shi da zurfi shi ne babban abin da ke hana shi fitowa. Cikin kwana uku zuwa biyar za ki ga tsiro, a mako na uku ko na huɗu kin fara tugewa kina miya. In kina so ya daɗe, ki rage shi ya zama taƙi ɗaya tsakanin kowane tushe, ki riƙa yanke kai kina barin kamar santimita 15, zai yi ta tofo.

Lalo yana da tasa dabarar. Ɓawon irinsa tauri gare shi, shi ya sa wasu ke shukawa su yi ta jira. Ki ƙulle irin a tsumma, ki tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta yanzu, ki ƙirga goma, ki ciro ki tsoma a ruwan sanyi, ki baza a inuwa ya sha iska, ki shuka a ranar. Kada ki wuce ƙirga goman nan, in ba haka ba kin dafa shi.

Kuɓewa kuma a jiƙa irinta ta kwana, a zubar da wanda ya taso saman ruwa, a saka ƙwaya uku a rami mai zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Tsakanin rami da rami santimita 40, tsakanin layi da layi 60. Bayan mako biyu a cire na ukun a bar biyu masu ƙarfi.

Tambaya: An yi ruwan farko a garinmu, na yi shuka washegari, sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu, duk ta ƙone. Yaushe zan sake? Kuma fangalin da na yi noman rani a ciki zan ci gaba da shi? (Magidanci, Katsina)

Amsa: Malam, ruwan farko ba ruwan shuka ba ne, tsofaffin manoma sun daɗe da sanin haka. Ƙasar da ta yi wata bakwai tana ƙuna takan shanye shi a sama kawai. Bayan ruwa ka haƙa da fartanya. In laima ta kai zurfin taƙi ɗaya, kuma ka dunƙule ƙasar a hannu ta tsaya ba ta wargaje ba, ka shuka. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen faɗuwar damina na kowace jiha a farkon shekara, gidajen rediyo kuma suna karantawa, yana da kyau ka saurara. Amma mai lambun gida ya fi mai gona sauƙi, tunda filinsa kaɗan ne. In ruwa ya ɗauke, bokiti guda na lita goma a kowace murabba'in mita da yamma zai riƙe maka tsiro har hadari ya dawo.

Maganar fangali kuwa, nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su san dalili ba. Fangalin rani an yi shi ne ya tare ruwa. Wannan tarewar da ta cece ka a Fabrairu ita za ta kashe maka shuka a Yuli, domin saiwa tana numfashi, in ta kwana biyu a cikin ruwa sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya lanƙwashe alhali ƙasa jagab take. Tun yanzu ka rushe gefunan, ka tayar da kunya ko gado mai tudun santimita 20, faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya don hannunka ya kai tsakiya ba sai ka taka ba. Ka duba inda ruwan indararo ke faɗowa, ka yi masa hanya ya bi ta gefe. Indararo guda yana iya tone gadon alayyafo cikin minti goma.

Tambaya: Tumatirina ya yi kore shar, yana ta fure, amma furen sai ya bushe ya zube, ɗa ko ɗaya babu. Na ƙara masa taki, abin bai canza ba. (Malamar makaranta, Sakkwato)

Amsa: Malama, ki dakata da takin nan, ƙara shi ma yana ƙara matsalar. Zafi ne ke zubar da furen. In rana ta wuce digiri 35, dare kuma bai sauko ƙasa da 24 ba, garin furen tumatir yakan lalace, fure ba ya ɗaukar ɗa, sai wuyansa ya yi rawaya ya karye. Wannan ne ma ɗaya daga dalilan da ke sa tumatir tsada kowace shekara a tsakanin ƙarewar na rani da fitowar na damina. Takin yuriya kuwa ganye yake sa wa, ba 'ya'ya ba.

Abin da za ki iya yi wa waɗanda ke tsaye: ki kafa musu rumfa da tsohon gidan sauro ko zana mara kauri, ta tare ranar azahar zuwa la'asar, ta bar ta safe. Ki rufe gindinsu da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa mai kaurin yatsu uku, amma ki bar ɗan fili kewaye da karan saboda gara. Ki ba su ruwa mai yawa sau ɗaya da sassafe, a gindi, ba yayyafi a ganye ba. Ranar ƙishirwa ranar ambaliya shi ke sa gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa. Da damina ta zauna, dare ya yi sanyi, za ki ga fure ya fara kamawa.

In kuma sabo za ki yi, yanzu ne lokacin renon iri. Ki rena a tsohuwar roba mai huda a ƙarƙashin rumfa, inda ruwan sama ba zai doke shi ba. In tsiron ya cunkushe kuma laima ta yi yawa, za ki wayi gari ki ga wuyansa ya sirance ya kwanta, don haka ki shuka a layi, ki bar iska ta ratsa. A mako na uku zuwa na huɗu, da ganye huɗu ko biyar, ki dasa da yamma, santimita 50 tsakani, ki kafa wa kowanne sanda. Mu dai ba ma ba da shawarar a kai irin rani kamar UC82B cikin damina. A shagon iri ki nemi wanda aka rubuta a jikin fakitinsa cewa yana jure damina da cutar yaushi.

Cutar yaushin nan ki san ta. Tumatir lafiyayye, kore, sai ya yi yaushi gaba ɗaya cikin kwana biyu. Ki yanko karan kusa da ƙasa, ki rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau. In bayan 'yan mintuna kika ga wani farin zare kamar madara yana sauka daga karan, ita ce. Ba ta da maganin feshi. Ki tuge har saiwa ki ƙone, kuma kada ki sake sa tumatir, tattasai, attaruhu ko gauta a wurin har shekara uku, don duk dangi ɗaya ne.

Tambaya: Gidan haya nake, tsakar gidan duk siminti ne. Ina da halin yin lambu? (Amarya, Zariya)

Amsa: Kina da shi, amarya. Ki samu buhunan shinkafa ko na siminti da aka wanke, ki naɗe bakinsu su tsaya kamar santimita 40. Ki huda gindi da gefen ƙasa wuri takwas zuwa goma. Haɗin ƙasa: kwano biyu na ƙasar gona, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na yashi ko ƙaiƙayin shinkafa. Jar ƙasar gini zalla ba ta yi, takan daskare kamar bulo. Ki ɗora buhunan a kan bulo ko katako, saboda simintin da ya sha rana yana gasa saiwa daga ƙasa. Buhu ɗaya na ɗaukar kuɓewa biyu, ko tumatir ɗaya, ko attaruhu ɗaya, ko alayyafo shida. Wurin ya samu rana ta aƙalla awa shida. Kafin ruwa ya zauna, kowane buhu na shan lita biyu zuwa uku a rana. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi. Na wanki mai omo ko bilic kada ya kusance su, haka ma na kwata. Ki kewaye da tsohon gidan sauro, in ba haka ba kaji da ƙadangaru za su riga ki ci.

Tambaya: Na zuba kashin kaji daga keji kai tsaye a gindin kuɓewa da tattasai. Bayan kwana uku gefen ganyen ya ƙone. (Mai kiwon kaji, Maraɗi)

Amsa: Ɗanyen kashin kaji wuta ne, Alhaji. Gishiri da iskar da ke tashi daga jikinsa, wadda kake jin warinta na hawa hanci, su ke ƙona saiwa. Yanzu ka kwashe abin da za ka iya, ka kwarara ruwa sosai kwana biyu a jere. Nan gaba ka tara shi a inuwa, ka cakuɗa da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa duk mako biyu. Bayan mako shida zuwa takwas, in ka cusa hannu ba ka ji ɗumi ba, ya yi baƙi, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, ya nuna. Kilo ɗaya zuwa biyu ya ishi murabba'in mita, na awaki ko shanu kuwa uku zuwa biyar. A gauraya da ƙasa mako guda kafin shuka.

In za ka ƙara da kamfa, wato NPK 15-15-15, ka bi ma'aunin da masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka yaɗa a ƙasarku: cikin murfin kwalbar lemo guda, kimanin giram 6, ga kowane tushe. Mako biyu bayan tsiro ko dashe, ka yi ɗan rami yatsu huɗu nesa da kara, ka zuba ka rufe, kuma sai ƙasa na da laima.

Tambaya: Wasu ƙananan ƙwari sun mayar da ganyen kuɓewata kamar rariya, ganyen tumatir kuma ya yi fararen tabo. Maƙwabcina ya ce in fesa fiya-fiya. (Dattijo mai ritaya, Bauchi)

Amsa: Baba, don Allah kada ka fesa. Fiya-fiya ba na kayan miya ba ne, ganyen da za a tsinka gobe a dafa wa jikoki bai kamata ya gan shi ba.

Masu huda kuɓewa ƙananan buzuzu ne masu tsalle in an taɓa ganye. Sun fi yin ɓarna a makonni uku na farko. Ka tankaɗe toka ka barbaɗa da sassafe lokacin da raɓa ke jikin ganye, ka maimaita bayan kowane ruwa. Na tumatir kuwa, ka ɗaga ganyen ka duba shi ta hasken rana. In ka ga 'yar tsutsa a cikin tabon, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, sharon ce, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tunda a cikin ganye take, feshi ba ya isa gare ta da sauƙi. A ƙaramin lambu hannu ya fi: duk safiya ka tsinke ganyen da ya kamu, ka ƙulle a leda ka ajiye a rana.

Don rigakafi, ga darbejiya a ƙofar gida. Ka tara 'ya'yanta da suka nuna, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka fasa ka fitar da ƙwayar. Ka daka giram 500, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace da ƙyalle mai laushi, ka narka ɗan sabulun wanki na sanda kamar girman ƙwayar dabino don ya kama ganye. Ka fesa bayan la'asar, sama da ƙarƙashin ganye, duk kwana bakwai, domin rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashe ƙwaro nan take, yana hana shi ci da girma ne, sai bayan kwana uku za ka ga bambanci. Wanda ka haɗa ka ƙarar da shi a ranar, kuma ka bar kwana biyu ko uku kafin tsinkar ganye, a wanke sosai saboda ɗaci.

Tambaya: Bara kuɓewata ta fi ni tsawo amma ba ta yi 'ya'ya ba sai wajen Oktoba. (Matashi, Gombe)

Amsa: Ka samu irin gargajiya mai dogon zango ne, wanda ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, ko me ka zuba masa. In kana son ta wuri, ka nemi Clemson Spineless ko NHAe47-4 ta cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, waɗanda ke fure cikin kwana 45 zuwa 55. Da ta fara, ka riƙa tsinka duk bayan kwana biyu tun tana tsawon yatsa. In ka bar ko guda uku suka ƙosa a jiki, uwar za ta rage fure, don haka wadda za ka bari ta iri ka ware mata tushe ɗaya a ƙarshen layi.