Amsa kan girgizar Mpape da yadda ake auna motsin tsagar ƙasa

Assalamu alaikum jama'a. Baba Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari tambayarka kan ko masana za su iya faɗin ranar da ƙasa za ta sake girgiza a unguwar Mpape da ke Abuja, kamar yadda ta yi a watan Satumba na 2018 da na 2024, da kuma batun fasa duwatsu da ka kawo. Gaskiya babu mai iya faɗin rana, amma ana iya auna inda haɗarin yake da kuma girmansa.

Girgiza tana tasowa ne daga tsaga a cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa, inda ɓangarori biyu ke son zamewa amma suka cije da juna, ƙarfi na taruwa shekara da shekaru har ranar da suka kufce. Don auna wannan, masana kan kafa na'urorin GPS a kan dutse a kowane gefe na tsagar, su bi matsawarsu da milimita, sannan su kwatanta hotunan rada da tauraron ɗan'adam irin Sentinel-1 ya ɗauka a lokuta daban-daban. Wani lokaci har rami suke haƙawa ya ratsa tsagar, su duba shimfiɗun ƙasar da tsofaffin girgizoji suka karya, su ƙiyasta shekarunsu. Tsagar San Andreas ta Amurka tana motsi kusan milimita 35 a shekara, wato duk sashen da ya cije shekara 100 ya tara mita uku da rabi da ke jiran zamewa. Da irin wannan lissafi ake zana taswirar haɗari.

Ɓawon duniya ya kasu zuwa manyan fayafai masu motsi a hankali, kuma mu nan ba a bakin faifan ƙasa muke ba, tsakiyarsa muke, shi ya sa motsin tsoffin tsagoginmu, irin wadda ta taso daga Ifewara a Jihar Osun ta bi ta Zungeru, ba shi da yawa. Sai dai ni ban yarda a miƙe ƙafa saboda haka ba. Tsaunukan Atlas na Maroko ma a hankali suke motsi, amma girgizar Satumban 2023 mai ƙarfin maki 6.8 ta hallaka kusan mutum 3,000, galibi a gidajen ƙasa da na dutse. Tsagar da ke jinkiri ta fi wuyar aunawa, kuma takan daɗe shiru har mutane su manta da ita.

Game da fasa duwatsu da ka ambata, yana jijjiga unguwa, amma na'urar auna girgiza tana bambance tashin nakiya da motsin da ya fito daga zurfi. Cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi, kusa da Jos, tana wannan aiki, kuma a ganina ƙarin tashoshi kewaye da Abuja shi ne abin da ya kamata mu nema. Ginin da kake shirin yi kuwa, Baba, a gwada ƙasar filin tukuna, kuma kada a bar magini ya rage rodi ko siminti a ginshiƙai.