Kada ka bari a cire maka wayar sensar nan

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce Hilux ɗinka ta dizal tana rage ƙarfi in ka hau tudu, ko ka danne totur ba ta amsawa, sannan jar fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa a silo idan injin ya ɗau zafi, har wani ya ce a cire wayar sensar da ke kunna fitilar a huta. Shekaruna da yawa a gareji, kuma ina roƙonka kada ka yarda.

Matsala biyu ce a motarka. Ta farko ta gas ce. Injin D-4D, wato irin injin dizal na Hilux, yana tura gas cikin nozul da ƙarfin da ya haura bar 1,000 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), kuma ƙwaƙwalwar mota tana lura da wannan ƙarfi ta wata sensa da ke jikin bututun gas. Da ta ga ya sauka ƙasa da abin da ta nema, sai ta rage wa injin gudu da gangan don famfo da nozul su tsira. In aka sa kwamfuta, sau da yawa lambar P0087 ce ke fitowa, mai nufin ƙarfin gas ya yi ƙasa. Fara da filtar gas, domin gas ɗin da muke saye a bakin hanya ba ya rasa ruwa da datti. In ba ita ba ce, a duba ko iska na shiga tiyo, sannan a je kan famfon.

Ta biyun ce ke tayar mini da hankali. Babban janareta yana kashe kansa da zarar ƙarfin baƙin mai ya faɗi, amma yawancin motoci fitila kawai suke kunna maka, sauran aikin naka ne. Sensar baƙin mai kuwa ba ta kunna fitila sai ƙarfin ya sauka zuwa kusan rabin bar ko ƙasa da haka, wato man ya kusa daina isa mital, ƙarafunan da karanshaf (babban sandan injin) ke juyawa a kansu. Na taɓa sauke injin wata bas da aka cire wa wannan waya. Karanshaf ɗin ya yi shuɗi don zafi, mai ita kuma da bashi ya saye ta. Har yau abin yana damuna.

Duba sandar awon baƙin mai da safe kafin ka tayar. Sannan bakanike ya kwance sensar ya ɗaura gejin hannu a gurbinta, a auna da injin a zafi, a silo da kuma an ɗan ba shi wuta. In awo ya yi kyau, sensar ce ta mutu, canza ta ba tsada. In ya yi ƙasa, a sauke kwanon mai a duba rariya, don rashin yin juye a kan lokaci yana toshe ta da daskararren mai. Bayan nan sai famfon baƙin mai da mital.

Kafin a auna, in fitilar ta tsaya ja kana tafiya, gangara gefe ka kashe nan take, ko da gida saura kilomita ɗaya. A jawo ta da igiya.