Tankar yaƙin da ke bakin teku a Torcross

Tambaya: Malam, na ga hoton wata baƙar tankar yaƙi a bakin teku a Ingila, an jera mata furanni, aka ce an girke ta ne don tunawa da sojojin da suka mutu wajen atisaye. Ta yaya atisaye kawai zai ci rayuka haka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, tankar tana ƙauyen Torcross ne, a gaɓar Slapton Sands da ke yankin Devon. Saboda gaɓar ta yi kama da ta Utah a Nomandi da ke Faransa, inda sojojin Amurka za su sauka don yaƙar sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka kwashe mazauna yankin kimanin 3,000 a ƙarshen 1943 domin a yi gwajin saukar a can.

Da tsakar daren 28 ga Afrilu 1944, ana cikin atisayen da aka sa wa suna Tiger, ƙananan jiragen ruwan yaƙin Jamus guda tara suka taso daga tashar Cherbourg da ke Faransa suka afka wa ayarin manyan jiragen ruwan dakon sojoji guda takwas. Biyu daga cikin jiragen dakon suka nutse, kuma alƙaluman da aka fi ambata sun ce sojojin Amurka 749 ne suka rasu, wato fiye da waɗanda aka rasa a gaɓar Utah ranar saukar ta gaske, 6 ga Yuni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin asarar daga sakaci ta fito. Jirgin rakiya ɗaya kacal ke tare da ayarin, domin na biyun yana tashar Plymouth ana duba shi, sannan kuskuren da aka yi wajen rubuta mitar rediyo ya hana gargaɗi isa ga jiragen. Matasan kuwa ba a koya musu ɗaura abin ceto mai hana nutsewa yadda ya kamata ba, suka ɗaura shi a ƙugu maimakon ƙarƙashin hamata, da suka faɗa ruwa nauyin kayan da ke bayansu ya kifa su, kai a cikin ruwa. Wasu sanyin teku ne ya kashe su kafin gari ya waye. An umarci waɗanda suka tsira su yi shiru don kada asirin saukar da za a yi a Nomandi ya tonu, shirun kuma ya daɗe fiye da yadda ya dace.

Wani mai gidan baƙi a Torcross, Ken Small, shi ne ya ƙi barin maganar ta mutu. Masunta suka shaida masa akwai tankar Amurka samfurin Sherman a ƙarƙashin ruwa, ya saye ta daga gwamnatin Amurka a kan dala 50, ya sha fama na shekaru har aka ciro ta a 1984. Ita ce aka girke a Torcross, kuma a nan ne ake taruwa duk ƙarshen Afrilu domin tunawa da mamatan.