Ƙanwata, kar rashin na'ura ya hana ki karɓar gurbin nan

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga saƙonki, kin ce kin gama bayokemistiri kina son PhD kan gano siffar furotin don binciken cutar kansa, amma jami'ar da ta ba ki gurbi nan Ingila ba ta da na'urar kirayo-EM tata (maikroskof mai amfani da ilektron don ganin siffar furotin da aka daskarar), wai ko ki haƙura ki jira wata babba. A'a wlh kar ki jira.

Irin waɗannan na'urori ai na haɗaka ne. Titan Krios, babbar na'urar kirayo-EM, guda ɗaya kuɗinta miliyoyin fam ne, ba a ma zo maganar ɗakin da za a gina mata wanda ko motsin mota ba ya girgiza shi ba, da injiniyan da zai riƙa lallaɓa ta kullum, jami'o'i nawa ne za su iya? Shi ya sa aka yi wuri irin Diamond Light Source a Harwell kusa da Oxford, tun 2007 yake aiki, wani ƙaton zobe ne kewayensa ya wuce mita 560 yana fitar da hasken eksire mai ƙarfin gaske (irinsa ake kira sinkrotron), kuma a nan ne cibiyar eBIC take da na'urorin kirayo. Supabaizanki zai rubuta furofozal, masana su duba, in ya wuce a ba ku lokaci kyauta, sharaɗin dai ku wallafa abin da kuka samu. Kamfanonin magani masu son ɓoye sakamakonsu su kam biya suke. Sau da yawa ma ba sai kin je ba, in aikin eksire ne za ki daskarar da kiristal ɗin furotin ɗinki a ruwan naitirojin ki aika a tulun ƙarfe, mutum-mutumi ya ɗora shi a gaban haske, ke kina lab da laftof kina kallon data na shigowa, wani lokacin ƙarfe 3 na dare don zoben ba ruwansa da barcinki.

Amurka ma haka ne, cibiyar binciken cutar kansa ta ƙasarsu ta buɗe nata wurin kirayo a Frederick a 2017 don masu binciken kansa. Faransa ga sinkrotron ɗin ESRF a Grenoble. Afirka ce har yau ba sinkrotron ko ɗaya, abin na ci min rai.

In kina son ki ga amfanin aikin ki karanta labarin KRAS. Furotin ne da ke lalacewa a kansar huhu da hanji da sauransu, an yi shekara kusan 30 ana cewa magani ba zai taɓa kama shi ba don jikinsa sumul yake ba wurin maƙalewa. A 2013 lab ɗin Kevan Shokat a San Francisco suka gano wani ɗan aljihu a wani lalataccen nau'in KRAS da ake kira G12C, hotunan kiristal suka nuna shi ƙarara, zuwa 2021 an amince da maganin sotorasib, mai kama wannan aljihun, don kansar huhu. Maganin venetoclax na kansar jini kuma asalinsa daga gwajin ƙananan sinadarai da na'urar NMR ne, wata na'ura mai amfani da maganaɗisu.

Toh inda gizo ke saƙa shi ne samfur. Na'urar kirayo kwana ɗaya ko biyu za a ba ki, amma tace furotin ya fito tsaf sai ya cinye watanni. Za ki ɗiga kamar maikrolita 3 a kan wani ɗan faifan raga mai faɗin milimita 3, takarda ta tsotse ragowar, a tsunduma shi cikin ruwan sinadarin itan mai tsananin sanyi ya daskare nan take, sai kin duba ki ga ƙanƙarar ta yi kauri ba a ganin komai, ko furotin ɗin duk ya gudu ya manne a gefen ramuka. A sake. Kuma eBIC ba za su ɓata miki lokacinsu a kan samfurin da ba a tantance ba.

Don haka abin da za ki tambayi supabaiza shi ne, lab ɗinku na cikin rukunin da ke da kason lokaci a Diamond? Akwai ƙaramar na'urar tantance samfur a kusa? Wa zai koya min tace furotin hannu da hannu? Akwai kwamfutocin da za su ɗauki data, don zama ɗaya na iya ba ki terabait da yawa. Ki duba takardun da ɗalibansa suka fitar kwanan nan, ki ga ko sunansu ne a farko.

Kafin ki taso ki fara taɓa Linux, ki sauke ChimeraX (manhajar kallon siffar furotin), ki shiga PDB (rumbun siffofin furotin a intanet) ki buɗe siffar KRAS ki juya ta da kanki, kyauta ne kuma akwai siffofi sama da 200,000 a ciki. Ɗanyen data na kirayo yana rumbun EMPIAR in kina son gwada RELION, manhajar da ke fitar da siffa daga hotunan. Masu ce miki AlphaFold, AI ɗin nan na siffar furotin, ya kashe fannin kuma ki bar su, yana hasashen siffa da kyau har Nobel ya ci a 2024, amma yadda magani ya zauna a aljihun furotin har yanzu sai an gani a gwaji.

In supabaizan ya amsa ki turo min mu duba tare.