Amsa ga 'yar uwar da ke tambayar ɗakin kan ruwa a Maldibs

Wa alaikis salam 'yar uwa. Wallahi ina ganin tambayarki na sauke tukunya na zauna, don kamar da bakina kika yi ta. Kin ce shekararku tara da aure ba ku taɓa fita ku biyu kaɗai ba, yanzu maigida ya ce ki zaɓi wuri, ranki ya kwanta da Maldibs, ƙasar tsibiran nan da ke tekun Indiya, kina son sanin ko ɗakunan nan da ake kafawa a kan ruwa suna da sirrin da mace mai hijabi za ta sake ta shiga ruwa ba idon kowa. Mu mun je a Nuwamban 2023. Kwana biyar muka biya, huɗu muka ci, zan zo miki kan wannan don har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗaure.

Ɗakin kan ruwa ba shi da sirrin da hoto yake nuna miki. A hoto ɗaki ɗaya suke ɗauka, daga shi sai shuɗin ruwa. In kin je za ki tarar da su a jere dama da hagu na wata doguwar gadar katako, kamar layin shaguna a Kantin Kwari. Akwai shingen katako tsakaninki da maƙwabta, gefe ya rufu, amma gaban a buɗe yake ga teku, teku kuwa ta kowa ce. Safiyarmu ta farko na fito baranda ba ɗankwali, da wasu kaya da ko ƙanwata ban bari ta gani ba lokacin da nake haɗa akwati. Ina sa ƙafa a matakalar da ke sauka cikin ruwa sai ga kan wani Bature ya ɓullo a ƙasana, da gilashi a ido da ɗan bututu a baki, wai kallon kifi yake. Har da ɗago min hannu! Na juya da gudu, santsi ya kwashe ni, ƙaurina ya daki katako. Abban yara maimakon ya ce sannu sai dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ban sake fita barandar ba sai da doguwar riga da mayafi, ga masu ƙananan kwale-kwale suna wucewa, ga jirgin ma'aikata. To me aka yi kenan?

Bayan kwana biyu muka roƙa aka mayar da mu ɗakin tudu, irin wanda yake da ɗan wurin ninkaya nasa a baya, an kewaye shi da katanga da bishiyoyi, sak tsakar gida irin namu, har da wurin wanka a fili sama a buɗe. A nan na san na zo hutu. Kuma kuɗinsa bai kai na kan ruwan ba. Sai dai ki kula, wasu ɗakunan tudun wurin ninkayarsu a gaba yake yana kallon yashi inda mutane ke giftawa, wannan ba shi da maraba da na kan ruwa. Ki rubuta wa otal ɗin da kanki, ki ce su turo hoton ɗakin daga waje, daga inda mai wucewa zai tsaya. In kuma ranki ya nace sai kin kwana a kan ruwa, ki yi dare ɗaya ko biyu don ki kashe ƙwarƙwatar ido, ki nemi wanda yake can ƙarshen gadar.

Yanzu bari in faɗa miki abin da wani bawan Allah ya yi mana. Mai shirya tafiye-tafiye ne, abokin ƙanin maigidana, shi ya sa ba mu tsaya bincike ba. Ya ce Hajiya ku dai ku ɗauki jakarku, komai na gama. Lokacin dala ta haura naira dubu a kasuwar bayan fage, kin san abin da hakan ke nufi ga ma'aikacin da ya shekara yana tari. Muka bi ta Doha, muka sauka filin jirgin Velana da ke kusa da Male babban birninsu ana gab da la'asar. Kafin mu gama da jami'an shige da fice mu ɗauki kaya, rana ta yi sanyi. Muka je teburin otal ɗin, yaron ya duba takarda ya dube mu, ya ce jirgin ƙarshe ya tashi. Ashe tsibirin da aka kama mana yana da nisa, sai da ɗan ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa ake zuwa, su kuma waɗannan jiragen ba sa tashi in duhu ya yi, da rana kawai suke aiki. Duk mai sana'ar nan ya san haka. Shi kuwa ya yankar mana tikitin da ya fi araha, bai ma sanar da otal ɗin lokacin saukarmu ba.

'Yar uwa, a Hulhumale muka kwana, wani tsibiri da ke manne da filin jirgin, a wani ɗan ɗaki da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta, da kuɗin aljihunmu. Can kuma ɗakin da muka biya ɗaruruwan daloli yana kwana shi kaɗai. Ni da na yi sati ina gyaran jiki, dilka, halawa, lalle ja da baƙi, kitso na kwana biyu, na zauna bakin gado ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Maigida ya kira shi ya fi sau goma, waya a kashe. Da ya kunna washegari abin da ya ce shi ne, a yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddaro. Ban ƙi ƙaddara ba, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ko sisi bai mayar ba. Da muka dawo na ce sai an yi magana, Hajiyarsu ta ce a bar shi saboda zumunci, yaron tare suka tashi da autanta. Watanni bayan haka na gan shi a wani suna, ya taho yana washe baki, wai Hajiya ya Maldibs? Allah ne kaɗai ya riƙe min harshe. Na yafe don Allah, amma ko Kaduna ba zan sake bari ya yankar min tikiti ba.

Don haka ko wa zai shirya muku, ki karɓi takardar ki duba da idonki ƙarfe nawa za ku sauka. Ku sauka da safe. In ba hali, ku zaɓi otal na kusa da Male wanda ake zuwa da kwale-kwale mai inji, shi ko da dare yana tafiya, illa dai na kusan za ki riƙa jin ƙarar jirage kina hango fitilun birni. Sannan ƙaramin jirgin kilo 20 yake ɗauka da ƙaramar jaka ta kilo 5, ni da na loda leshi da atamfa da kwalaben humra sai da muka biya ƙari, kuma rabin kayan ban taɓa su ba. Takalma uku na kai, ƙafa ba takalmi na yini, yashi ne ko'ina. Har matuƙan jirgin ba takalmi suke tuƙi.

Ba a neman biza tun daga gida, a can ake buga muku ta kwana 30 kyauta, amma ki riƙe katin allurar shawara, kuma akwai fom ɗin IMUGA da ake cikewa ta intanet kafin a tashi. Farashin da kike gani a shafi sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Ana ɗora kashi 10 na hidima, ga harajin gwamnati da yake kashi 16 lokacinmu yanzu ya koma 17, ga wani harajin muhalli na kowane mutum a kowane dare, dala 6 muka biya, daga Janairun 2025 ya zama 12. Kuɗin ƙaramin jirgin ma daban ne. Ki tambaya a rubuce.

Kada a ruɗe ki da cewa ƙasar Musulmi ce. Gaskiya ne 'yan ƙasar Musulmi ne, a Male za ki ji kiran salla, kuma an hana shiga da giya ko naman alade ta filin jirgi. Amma tsibiran otal duniya ce daban, ana sayar da giya, mata na yawo da ɗan kamfai. Mun sa an kwashe kwalaben da ke cikin firjin ɗaki tun ranar farko. Kada ku biya tsarin nan na ci da sha duka, kuɗin giyar wasu za ku tallafa, karin safe da na dare ya ishe ku. Ni kifi na fi ci, da wani abincinsu na safe mas huni, kifin tuna da kwakwa da albasa da barkono, ana haɗawa da wata gurasa mai laushi. Ki tafi da yajinki. In za a yi miki tausa ki ce mace kike so tun wajen kama lokaci. Akwai ɗan masallacin ma'aikata a bayan tsibirin namu, can maigida ya yi Juma'a da 'yan Bangaladash. Otal ɗin da ba a karɓar yara ya fi shiru, amma fa a nan tsiraicin ya fi yawa, sai ki auna wanne za ki iya ɗauka, ke kika san idon mijinki.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne shirun kansa yana da nauyi. Daren farko a tsibirin aka kafa mana tebur a bakin ruwa da fitilu, muka zauna, sai muka rasa abin cewa. Shekara da shekaru hirarmu kuɗin makaranta ce da cefane da wane ba shi da lafiya. Na tsinci kaina ina tambayarsa ko ya biya kuɗin wuta kafin mu taho. Shi kuma waya a hannu, 'yan ofis, 'yan uwa, wai agogon Maldibs awa huɗu yake gaban na gida don haka can gida yanzu ake tsakiyar aiki. Sai a rana ta uku na karɓe wayoyin biyu na kulle a akwatin ajiya na ɗaki, muna kiran yara sau ɗaya bayan magariba. A ranar ya ba ni labarin rasuwar mahaifinsa yadda bai taɓa ba ni ba, har ya yi hawaye.

Kuma don Allah kada ki shelanta. Mu cewa muka yi za mu Abuja ganin likita, mahaifiyata kaɗai ta sani don ita ta riƙe yaran. Hoto ɗaya na sa bayan mun dawo, kafin sati masu neman rance sun kai biyar, wata kuma ta aiko min da habaici wai mutane na fama da kuɗin shinkafa. Ba ki faɗa ba ko ke kaɗai ce a gidan, in kina da abokiyar zama ki sa ya daidaita maganar kwana da ita tun kafin a yanki tikiti, kar ki dawo ki tarar da wuta. Wane wata kuke son tafiya? Daga Disamba zuwa Afrilu ne rani a can, ruwa garau amma tsada, daga Mayu kuma iska da ruwan sama. In an ba ku takardar tikitin ki turo min lokacin saukar ta akwatin sirri in duba miki kafin ku biya.